Wuƙar Aljihu: Ƙarfin Maƙali Shi Ne Amincinta

Wuƙar aljihu, watau 'yar wuƙar nan mai naɗewa wadda ruwanta ke shigewa cikin ƙotarta, tana daga cikin kayan aikin da ba a cika natsuwa wajen sayensu ba. Galibi mai saye kan dubi ƙyallin ruwan ne kawai, ya gwada kaifin a jikin takarda, ya yi ciniki ya biya, ya jefa ta aljihu ya kama gabansa. Da wuya ya tsaya ya binciki abin da ke riƙe ruwan bayan an rufe shi, ko kuwa yawan ƙarfin da yatsa ke bukata kafin ya buɗe. Alhali kuwa a nan ne amincin wuƙar yake, domin wadda ke buɗewa da kanta cikin aljihu mai ita take fara yanka, wadda kuma ta cika tauri takan sa yatsa ya zame ya faɗa kan kaifi. A waɗansu ƙasashe ma ƙarfin wannan riƙo shi ne ya raba kayan aiki da makami a idon shari'a, har dubban ma'aikata suka gurfana gaban alƙali saboda shi.

MAFARIN AL'AMARIN

Wuƙar gargajiya kube ne ke rufe kaifinta, muddin tana cikinsa kuwa hankalin mai ita a kwance yake. Ita wuƙa mai naɗewa ƙotarta ce kubenta, ruwan kuma yana juyawa ne a kan ƙusa guda ɗaya. Saboda haka tun fil azal matsalar maƙeranta ɗaya ce: yaya za a yi ruwan ya zauna a rufe lokacin da ba a bukatarsa, ya kuma buɗe ba tare da wahala ba lokacin aiki?

Ɗaya daga cikin wuƙaƙe masu naɗewa mafi daɗewa da aka tono an same ta ne a Hallstatt ta ƙasar Ostiriya, mai ƙotar ƙashi, an kuma ƙiyasta cewa an ƙera ta shekara 500 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Rumawa ma sun yi amfani da irinta. A waɗannan wuƙaƙe na farko matsewar ƙusa ce kaɗai ke riƙe ruwa, in ƙusar ta saki shi ke nan, ruwan sai ya riƙa lilo.

Har yanzu ana ƙera wuƙaƙe bisa wannan tsohuwar hanya. A Japan akwai Higonokami, wadda aka fara yi a garin Miki a ƙarshen ƙarni na 19, mai ɗan harshe a gindin ruwa wanda ake dannewa da babban yatsa lokacin yanka. A Faransa kuma akwai Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Savoie cikin 1890. Ƙotarta ta itace ce, itace kuwa yana kumbura da danshi ya kuma motse da bushewa, don haka wuƙar da ke buɗewa salin-alin da rani takan ƙi buɗewa da damina. Mutanen Savoie suna da dabararsu: sukan ƙwanƙwasa ƙarshen ƙotar a kan tebur har tsinin ruwan ya leƙo. A 1955 kamfanin ya ƙara wani zobe mai juyawa wanda ke kulle ruwan a buɗe, daga baya kuma aka gyara zoben yadda zai kulle shi a rufe ma.

ZAMANIN SIFIRIN DA FARCE

Babban canji ya zo ne wajen tsakiyar ƙarni na 17, sa'ad da maƙeran Turai suka fara sa wani ƙarfe mai tsalle, watau sifirin, a gadon bayan ƙota. Birnin Sheffield na Ingila ya yi suna ƙwarai da irin wannan wuƙa, wadda a da babban aikinta shi ne fiƙe alƙalamin gashin tsuntsu, kamar dai yadda almajiri ke fiƙe alƙalaminsa na kara. Shi sifirin ɗin yana danne gindin ruwan ne a kowane lokaci. In wuƙar tana rufe yana jan ruwan ciki, in tana buɗe yana tokare shi, amma ba ya kulle shi. Waɗansu maƙera sukan yi gindin ruwan mai kusurwa huɗu, yadda zai ɗan tsaya a rabin hanya, domin in ya zo rufewa da ƙarfi yatsa ya sami damar kaucewa.

Hanyar buɗe irin wannan wuƙa ita ce 'yar tsagar da ake yi a jikin ruwa domin farce. Hannu biyu ake sawa, ɗaya ya riƙe ƙota, ɗaya ya ja. Masu tara wuƙaƙe sukan auna ƙarfin sifirin da lamba daga 1 zuwa 10, ko da yake awo ne na jin hannu wanda babu sikeli a cikinsa, suna kuma yi wa mai tauri ƙwarai laƙabi da mai karya farce.

Mashahuran wuƙaƙen Suwizalan na wannan gida ne. Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a Ibach cikin 1884, ya fara kai wa sojan ƙasarsa wuƙa a 1891, sa'an nan a 1897 ya yi rajistar wadda ke da kayan aiki a ɓangarori biyu na ƙota. Kamfaninsa shi ne Victorinox na yau.

Kasuwannin Afirka ma sun daɗe da sanin wuƙaƙe biyu na wannan zamani. Ta farko ita ce Douk-Douk, wadda kamfanin Cognet na birnin Thiers a Faransa ya fara yi cikin 1929. An nufe ta ne da tsibiran tekun Pasifik, amma sai ta fi karɓuwa a Afirka ta Arewa da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka. Ba ta da makulli, sifirinta mai ƙarfin gaske shi ne dukan tsaronta. Har an yi mata ƙanwa mai suna El Baraka, wadda aka zana wa alamar adon nan ta Abzinawa da aka sani da sunan birnin Agadas. Ta biyu ita ce Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus cikin 1902 domin kasuwar Afirka, aka kuma mai da aikinta Afirka ta Kudu a 1988. Ita tana da makulli mai zobe a baya, sai an ja zoben kafin ruwan ya rufe.

BUƊEWA DA HANNU ƊAYA

A 1964 kamfanin Buck na Amurka ya fito da wuƙar mafarauta mai lamba 110, wadda ke kulle ruwa da wata sakata a gadon baya. Ta yi farin jini matuƙa, amma ita ma da farce ake buɗe ta. Mai aikin da hannunsa ɗaya ke riƙe da igiya ko tsani kuwa yana son wuƙar da hannu guda zai wadatar.

Mutane biyu ne suka fi taka rawa wajen biyan wannan bukata. Na farko shi ne Michael Walker, maƙeri Ba'amurke, wanda a 1980 ya inganta wani makulli na falle. A cikin ƙotar akwai fallen ƙarfe da aka ɗan lanƙwasa, da zarar ruwa ya buɗe sai fallen ya faɗa bayan gindinsa ya tokare shi, in za a rufe kuma babban yatsa ne ke ture fallen gefe. To amma da aka cire sifirin baya, sai ya zamana babu abin da ke jan ruwan ciki idan an rufe. Maganin da aka yi wa wannan shi ne wata 'yar ƙwallon ƙarfe da ake dasawa a jikin fallen, wadda galibi faɗinta bai wuce milimita ɗaya da rabi ba ko kusa da haka, watau ba ta kai ƙwayar gero ba. A gindin ruwan kuma akwai ɗan rami daidai ita. In an rufe wuƙar sai ƙwallon ta faɗa ramin ta maƙale. Wannan shi ne abin da maƙeran Turai ke kira ditent, wanda a Hausance za a iya ce masa maƙali. Raina kama ka ga gayya, domin a kan wannan 'yar ƙwallo ce nauyin tsaron akasarin wuƙaƙen zamani ya rataya.

Na biyu shi ne Sal Glesser, mai kamfanin Spyderco, wanda a 1981 ya fito da wuƙa mai zagayayyen rami a jikin ruwa domin babban yatsa, da kuma maƙalar aljihu irin ta biro. Daga nan sai hanyoyin buɗewa suka yi ta ƙaruwa. Akwai ɗan maɓallin da ake dasawa a jikin ruwa, babban yatsa ya tura shi. Akwai ɗan kunne da ke leƙowa ta bayan ƙota, wanda ake dannawa da manuni ruwan ya fito da gudu, wanda maƙeri Kit Carson ya yaɗa ta hanyar wuƙarsa M16 da kamfanin CRKT ya fara sayarwa a 1999. Ernest Emerson ya ƙirƙiro wata ƙugiya a bayan ruwa wadda ke kama bakin aljihu, yadda wuƙar za ta buɗe tun ana zaro ta. Chris Reeve, haifaffen Durban a Afirka ta Kudu, ya mai da gefen ƙotar kanta ta zama makulli a wuƙarsa Sebenza, sunan da ke nufin aiki da harshen Zulu. Daɗin daɗawa, a shekarun 1990 Blackie Collins da Ken Onion suka fito da wuƙaƙe masu sifirin taimako, inda yatsa ke fara tura ruwa, sa'an nan sifirin ya ƙarasa.

ABIN DA KE SA ƘARFI KO RAUNI

Ƙarfin maƙali ya dogara ne a kan abubuwa kaɗan. Na ɗaya shi ne ƙarfin lanƙwasar fallen da ke ɗauke da ƙwallon. Na biyu shi ne faɗin ramin da zurfin da ƙwallon ke shiga cikinsa. Na uku shi ne kaifin bakin ramin, domin in ya side ƙwallon takan fita ba tare da turjiya ba. Na huɗu shi ne nisan ƙwallon daga ƙusar da ruwa ke juyawa a kai. Gwanayen maƙera sukan kuma ɗan goce da ramin kaɗan, yadda ƙwallon za ta riƙa jan ruwan ciki maimakon ta zauna kawai, shi ya sa wuƙa mai kyau kan yi kamar ta tsotse ruwanta a ƙarshen rufewa. A yau ana yin ƙwallon da ƙarfe ko da wani irin tangaran mai tauri wanda ba ya saurin cinyewa.

Abin lura a nan shi ne kowace hanyar buɗewa da irin ƙarfin da take bukata. Wuƙa mai kunnen manuni tana son maƙali mai ƙarfi. Dalili kuwa shi ne yatsa yana tara ƙarfi ne a kan kunnen har ƙwallon ta suɓuce daga rami, wannan ƙarfin da aka tara shi ke cilla ruwan, tamkar yadda ake ja tsirkiyar baka kafin a saki kibiya. In maƙalin ya yi rauni, ruwan sai ya fito a kasale ya tsaya a rabin hanya bai kulle ba, wannan kuwa shi ne mafi hatsarin matsayi. Wuƙa mai ramin babban yatsa ko maɓalli ta fi son matsakaicin ƙarfi, domin babban yatsa yana raka ruwan ne a hankali kusa da kaifi, in ya yi ta kokawa da maƙali mai tauri yana iya zamewa. Saboda haka wuƙar da aka yi wa hanyoyi biyu ko uku na buɗewa, dole maƙerinta ya yi sulhu tsakaninsu, da wuya kuma a gamsar da duka.

Ƙusar tsakiya ma tana da nata rabon. A da washar tagulla ake sawa gefe da gefen ruwa, amma yanzu wuƙaƙe da yawa suna juyawa ne a kan ƙananan boris. Boris na sa ruwa ya juya kamar an shafa masa mai, wannan kuwa yana nufin da zarar maƙali ya saki babu sauran abin da zai rage gudunsa. Mutane da yawa in sun ga ruwa na saurin buɗewa sukan ɗaure ƙusar tamau. Yin haka gogayya kawai yake ƙarawa, maƙalin yana nan yadda yake, da ƙusar ta sake saki kuma matsalar ta dawo. Haka nan a wuƙar da gefen ƙota ne makullinta, mai riƙo kan danne makullin da yatsunsa ba da sani ba, ya ƙara matse ƙwallon cikin rami, ya yi ta zargin wuƙar da tauri alhali riƙonsa ne.

IDON SHARI'A

Hukumomi sun daɗe suna sa ido a kan yadda wuƙa ke buɗewa. A 1958 Majalisar Dokokin Amurka ta hana fataucin wuƙaƙe masu buɗewa da danna maɓallin ƙota tsakanin jihohi, Ingila ma ta bi sahu da tata dokar a 1959. Da wuƙaƙe masu sifirin taimako suka yawaita, sai gardama ta tashi ko su ma suna cikin haramcin. A 2009 aka yi wa dokar Amurka gyara, aka fitar da duk wuƙar da ke da sifirin ko maƙali mai jan ruwa zuwa rufewa, wadda sai an sa ƙarfin hannu a jikin ruwan kafin ta buɗe. Ta haka 'yar ƙwallon nan ta shiga littafin doka.

Inda abin ya fi ƙamari shi ne jihar New York. A 1958 jihar ta haramta wuƙar da ruwanta ke faɗowa da nauyinsa ko da yarfa hannu ya kuma kulle, irin wadda sojojin laima na Jamus suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu. Shekaru da yawa bayan haka 'yan sandan birnin New York suka riƙa gwada wuƙaƙen aiki na yau da kullum ta hanyar yarfa wuyan hannu da ƙarfi. In ruwan ya buɗe ya kulle, ko da bayan gwaji da yawa ne, sai a kama mai ita. Wuƙar da aka saya a kanti bisa halal, wadda maƙalinta ya yi rauni saboda tsufa, sai ta zama haramtaccen makami a hannun ɗan sanda mai ƙarfin damtse. Jaridar Village Voice ta ƙiyasta a 2014 cewa mutanen da aka tuhuma da wannan laifi cikin shekara goma za su kai 60,000, da yawansu magina ne da masu aikin lantarki da sauran masu aikin hannu, akasarinsu kuma baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka. A watan Maris na 2019 wani alƙalin kotun tarayya ya yanke hukunci, a ƙarar wani mai dafa abinci, cewa gwajin ba shi da tsayayyen ma'auni da mutum zai san ko ya karya doka. Ranar 30 ga Mayu, 2019, Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu aka soke haramcin, bayan ya ƙi amincewa da gyaran dokar har sau biyu a baya.

Ma'aikatan gwamnati da ɗalibai masu zuwa kwas ƙasashen waje ya kamata su san cewa kowace ƙasa da nata ma'aunin. A Ingila da Wales, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, watau santimita 7.62, amma kotuna sun yanke cewa wuƙa mai makulli ba ta cikin wannan rangwame, sai da ƙwaƙƙwaran dalili, hukuncin kuwa na iya kai ɗaurin shekara 4. A Jamus, tun 2008 an hana yawo da wuƙar da ke buɗewa da hannu ɗaya kuma take kullewa, sai da dalili karɓaɓɓe kamar na sana'a. A Kanada kuma, a 2018 hukumar kan iyaka ta ba da sanarwar hana shigo da wuƙar da ke buɗewa da yarfa hannu, ko da sai an ɗan taɓa kunnenta tukuna. A jirgin sama kuwa, wurin wuƙa shi ne akwatin da ake aunawa.

SHAWARA GA MAI SAYE

Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a biya kuɗi, ya kamata a rufe wuƙar a juya ta yadda ruwan zai fuskanci ƙasa, a girgiza ta a kan tebur nesa da jiki. In ruwan ya leƙo, maƙalinta ba abin dogara ba ne. A shafa yatsa a hankali a ƙarshen ƙota a tabbatar tsinin ya nutse ciki sarai. A buɗe ta sau da yawa ta hanyar da aka yi ta domin a buɗe, a ga ko yatsa na jin ciwo ko yana zamewa. Bayan ta buɗe a motsa ruwan gefe da gefe, da gaba da baya, domin wuƙa mai kyau ba ta wasa. A ƙarshe a rufe ta a hankali a saurari ɗan ƙaran faɗawar ƙwallo cikin rami.

Sabuwar wuƙa kan yi ɗan tauri da farko, sa'an nan ta yi laushi bayan ƙwallon ta yi wa kanta turba a gindin ruwa, saboda haka ɗan taurin sabunta bai zama aibi ba. Wadda ta zo da rauni tun tana sabuwa kuwa rauninta ƙaruwa zai yi. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan cika ramin maƙali su hana ƙwallon zama, don haka a riƙa share shi da tsinke, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a ƙusa. In wuƙar mai maƙalar aljihu ce, a rataya ta yadda bayan ruwan zai jingina da ɗinkin aljihu, kada kuma a haɗa ta da makullai da tsabar kuɗi waɗanda za su iya shiga ramin yatsa su ja ruwan.

Ga akawu ko ɗalibi wanda bukatarsa ba ta wuce fiƙe fensir da buɗe ambulan da yanka lemo ba, tsohuwar wuƙa mai sifirin baya da tsagar farce ta wadatar, ita ce kuma ta fi samun rangwame a dokokin ƙasashe. Wanda sana'arsa ta tilasta masa buɗewa da hannu ɗaya, shi ne ya kamata ya fi kowa binciken maƙali, ya kuma ajiye wuƙar da zarar ya ga ta fara buɗewa ba da izininsa ba. Rigakafi dai ya fi magani.